Takalmin Hagun Yaya Sa'idu

Bana azumi ya zagayo ya same mu daidai inda ya same mu muna samari, tsakiyar zafin Madina, dabino na nuna a kan uwarsa. Hancina ne ya fara sanar da ni. Ina tsaye a bakin fili bayan la'asar, usur a wuya, yara na ɗan motsa jiki a hankali saboda ƙishirwa, sai iska ta kaɗo daga wajen Awali, unguwar gonakin dabino, ɗauke da warin ƙasa mai ƙuna da ƙanshin ruɗab, dabinon nan da ya yi laushi bai kai ga bushewa ba. Nan take na ji maƙogwarona ya bushe irin bushewar da na sani shekara talatin da wani abu da suka wuce.

Sunana Hamza, aikina horar da 'yan ƙwallon wata kwaleji a nan garin. Mudarrib yaran suke ce min, wato koci da Larabci. Kakanmu ne ya tako daga ƙasar Kano ya zo hajji ya zauna, don haka a waje Larabci muke yi, a gida Hausa, ko da yake yaran yanzu ka yi musu Hausa su mayar maka da Larabci ko a jikinsu.

Tun shigowar watan nan ba inda zan sa ƙafa ba a tare ni da tambaya ɗaya ba: yaya ƙungiya bana? Har mai sayar da burodin tamis na unguwarmu a Khalidiyya sai ya riƙe min burodi ya tambaya. Ina amsa musu da gaskiya, bana muna da rabo in Allah ya so. Bara mun kai wasan ƙarshe aka doke mu da kyar. Golanmu ya yi hankali, ya daina fitowa yawo kamar mai neman akuyarsa. 'Yan bayanmu biyu sun saba da juna har ba sa bukatar magana. Na gaba kuwa, in dai ƙwallo ta zo masa ta sama, an gama. Abin da ba na faɗa wa kowa shi ne akwai rami a gefen hagu, kuma wanda ke tsaye a ramin Anas ne, ɗan yayana Sa'idu.

Gwiwar Anas ta tsage a ƙarshen kakar wasan bara. An yi masa aiki, likita ya ce ta warke, kuma ta warke ɗin, yana tafiya yana gudu. Amma wannan fizgar da yake yi ya bar mai tsaronsa yana kallon bayansa, ta tafi ba ta dawo ba. Ga kuma wani sabon yaro, Mu'az, shi ma bahago, ya shigo da takalmi naɗe da salatif, yana gudu har sai na ji tausayin ciyawar. Ko makaho ya san wanda ya kamata ya buga hagu. Kuma wannan ce shekarar Anas ta ƙarshe a kwalejin, in bai buga bana ba, shi ke nan.

Na zauna na tsara maganar da zan yi masa tsaf. Zan ce ya ɗan huta, gwiwa ta ƙara ƙwari, ni kuma zan riƙe masa gurbinsa. Na gwada wa matata Maimuna, ta ce magana ta yi daɗi, sai dai ta tambaye ni ko gaskiya ce. Na ce mata ita dai ta duba tukunyarta. Na kwana biyu ina jin haushinta, saboda ta san amsar, ni ma na sani.

Wancan azumin da nake faɗa, a Awali muka yi shi, cikin wata gonar dabino mai katangar laka da Baba yake kula da ita. Mai gonar wani tsoho ne ɗan gari, Baba ke noma, a raba amfani. Ɗakunanmu biyu a jikin katangar, ni da Yaya Sa'idu a ɗaya da buhunan dabino, Baba da Inna da ƙannenmu mata a ɗaya. Yaya ya girme ni da kaɗan, har baƙi kan ɗauka tagwaye ne.

Shekarar ta fara da rashin ruwa. Sanyi ya zo ya wuce, hadari ya taso ta wajen duwatsu sau da dama ya watse ba ko yayyafi. Rijiyar gonar ta yi ƙasa. Injin ban ruwa ya riƙa tari yana tofar da laka, Baba ya tsuguna a gabansa yana lallashi da Hausa yana zagi da Larabci. Birkar da muke iyo a ciki, babban kwatarnin siminti da ruwa ke taruwa kafin a sake shi, ta koma iya gwiwa, kore shar, kwaɗi suka mallake ta. Duk da haka aka yi aikin shekara yadda aka saba. Baba ya hau kowane dabino ya ɗaura furen namiji a cikin na mace, mu muna ƙasa muna miƙa masa. Da 'ya'ya suka fito ya sake hawa ya rage wasu don sauran su yi girma, ya ɗaure nonnan a jikin reshe kada nauyi ya karya su.

A wannan shekarar ce Baba ya je haraj, inda ake gwanjon tsofaffin kaya, neman wani ƙarfe na injin, ya dawo da takalmin ƙwallo ƙafa biyu, baƙi, mai ƙusoshi a ƙasa. Ya ajiye a tsakiyarmu ya ce mu san yadda za mu yi, shi dai kada ya ji faɗa. Ba a yi faɗa ba. Ni da dama nake bugu, Yaya da hagu. Na ɗauki na dama, ya ɗauki na hagu, muka cusa zaren jikin dabino a bakinsu don sun yi mana yawa. Haka muke fita fagen bayan gonaki, kowa ƙafa ɗaya a takalmi ɗaya tsirara, muna ɗingishi kamar agwagi. Yara suka sa mana suna Dama da Hagu. Na Yaya ne ya bi shi, har yau tsofaffin Awali Bahago suke ce masa.

Kuma in faɗi gaskiya, ya fi ni nesa ba kusa ba. Ni mai ƙoƙari ne, shi mai baiwa. In ya ɗauki ƙwallo ta gefen katanga sai ka ga manya sun ajiye hira. Malamin motsa jiki na makarantarmu ya ce bayan Sallah wata ƙungiya za ta zaɓi yara, ya kira sunanmu mu biyu, amma idonsa a kan Yaya yake yana maganar. Ya ƙara da cewa ba a shiga filin sai da cikakken takalmi. Muka yi dariya muka ce in lokacin ya zo za mu shiga bi da bi.

Ana saura kwanaki a ga wata igiyar hawa ta zame wa Baba. Bai faɗo daga can ƙololuwa ba, amma a kan bakin magudanar siminti ya sauka, ƙugunsa ya karye. Aka kwantar da shi a tabarma cikin ɗaki, ga dabino ya fara ja, ga azumi ya kawo kai. Ba wanda ya tara mu ya yi shawara. Da asuba kawai aka ga igiyar da laujen yankan dabino a bakin ƙofar ɗakinmu, Inna ce ta ajiye, Yaya ya fito ya ɗauka.

Ban taɓa ganin zafi irin na wannan watan ba, ko kuma yarinta ce ta sa nake ganin haka. Inna kan tashe mu sahur da ragowar shinkafar dare da shayi da busasshen burodi da za a jiƙa. Geron da take samu wurin alhazan gida ya kusa ƙarewa, sai ta riƙa dama kunu tsararo, ta fara cika kofin Baba, sannan na Yaya, sauran mu raba. Muna idar da sallah mu fita ban ruwa tun da duhu-duhu, domin a lokacin ne rijiya ta ɗan tara abin da ta tara. Ni ke riƙe da fartanya, in buɗe wa wannan layi in toshe wancan, ina bin ruwan da gudu kada ƙasa ta shanye shi a hanya. Inda bai kai ba, ƙannena su ɗebo a gwangwani daga birka su zuba a gindi. Maƙwabcinmu wani mutumin Nijar yakan tsallako da 'ya'yansa su kama mana in ya gama nasa, mu ma mu je masa ranar da injinsa ya ƙi tashi.

Rana na ɗagowa Yaya zai zagaya igiya a ƙugu ya hau. Ba a hawa dabino da takalmi, tafin ƙafa ke kama kututture. Yana sama yana tsinko wanda ya nuna yana zubawa a kwando, ya sauko min da shi da igiya, in juye in mayar. Ka yi tunanin mai azumi, leɓe ya tsage, ga zumar ruɗab na bin yatsunsa har gwiwar hannu, rina na zagaya kansa, ba damar lasa. Ni da nake ƙasa cikin inuwa ma sau nawa na kai yatsa baki na tuna na fasa. Wajen hantsi iskar samum za ta taso, mai zafi kamar an buɗe murhu, ganyen dabino ya riƙa ƙara. A nan Inna za ta fito ta yi ta kiransa ya sauko, shi kuma ya ce saura ɗaya.

Da azahar gida kan yi tsit. Inna ta jiƙa buhu ta rataya a taga, ta yayyafa wa daɓe ruwa, mu kwanta a kai rigingine ba riga. Baba na nishi a ɗaya ɗakin yana tambayar layi nawa aka yi. Mata na zaune a zaure suna tsince dabino, mai kyau na kasuwa, mai tabo namu, wanda rina ta ci na akuya. Bayan la'asar ni ake aika da buhu in karɓo ɓallin ƙanƙara da muke haɗa hannu da maƙwabta mu saya, in dawo da gudu tana ɗiga a bayana, kuma wallahi wannan ɗigar ita ce daɗin da na fi jira a yini. A buɗa baki da dabino mai tabo da ruwan randa da aka jefa wa ƙanƙarar. Ana idar da magariba Inna ta zaunar da Yaya ta ɗauko allura ta shiga cire masa ƙaya daga tafin hannu da na ƙafa, yana cin abinci da ɗaya hannun, wani lokaci barci ya ɗauke shi da loma a baki.

Ni kuwa ina da sauran ƙarfin zuwa fage. Ina zuwa, da takalmina ɗaya. Na hagun yana ajiye a wani gurbi cikin katangar ɗakinmu, ƙura na hawa kansa.

Ana gobe ko jibi Sallah, da yamma, Yaya ya sauko daga dabino ya shiga ɗaki ya fito da shi. Hannunsa duk danƙo, har sai da takalmin ya manne masa. Ya jefo min. Abin da na ɗauka a kaina tun daga ranar shi ne ya ce, “Ungo, riƙe.” Na cafe, kuma ba zan ɓoye ba, daɗi na ji, daɗi mai yawa, ko a fuska ban iya rufe shi ba. Na je zaɓen da ƙafa biyu cikin takalmi aka ɗauke ni. Daga nan makarantar koyon wasanni, daga nan aiki, daga nan gida a Khalidiyya mai na'urar sanyaya ɗaki har a kicin. Baba bai ƙara hawa dabino ba. Yaya ya yanke na wannan shekarar, ya yanke na mai bi mata, yana nan yana yanka har yau.

Labarin nan na mayar da shi jari. Duk farkon kakar wasa sai na tara yarana a tsakiyar fili, su da ke zuwa da takalma kala-kala a jaka, in ba su labarin yayana da ya ba ni takalminsa kyauta don in ci gaba. Na ba da shi a wurin ɗaurin aure, na ba da shi ranar sunan Anas, Yaya na zaune yana murmushi yana kallon ƙasa. Ban taɓa tambayar kaina abin da ya sa bai taɓa sa baki ba.

Ranar Juma'ar da ta wuce na ce ba zan yi wa Anas magana ba sai na fara gaya wa ubansa. Na tuƙa zuwa Awali kafin magariba. Gonar tana nan, jikokin tsohon ne da ita yanzu, Yaya ne babba a kan ma'aikata, yawancinsu 'yan Nijar. An shimfiɗa siraran bututu suna ɗiga ruwa a gindin kowane dabino, ba mai bin ruwa da fartanya. Birkar ta bushe, an jibge taki a ciki. Na same shi zaune a tabarma yana tsince ruɗab a faranti, ya miƙe ƙafafu. Na daɗe ban kalli ƙafafun nan da kyau ba. Tafin ya yi kauri ya faffashe, yatsun sun baje kowanne ya kama gabansa.

Muka gaisa, ya tsokane ni da cewa tumbina ya riga ni shigowa. Shi ma ya yi tambayar kowa, yaya ƙungiya bana. Na yi ta zagaye, gola, 'yan baya, har dai na iso hagu. Ya tambaya ko sabon yaron ya fi Anas, na ce ya fi shi. Ya tambaya ko da shi za mu iya ɗaukar kofi, na ce ina sa rai. Ya gyaɗa kai, ya ce to ai ba wata magana, sai dai me zan ce wa Anas ɗin. Na karanto masa abin da na tsara, har ina jin daɗin yadda ya fito.

Hannunsa ya tsaya a cikin farantin.

“Za ka riƙe masa,” ya ce. “Kada ka gaya masa haka, Hamza. Ni ma riƙe min na ce maka.”

Na ce ban gane ba.

“Ranar da na jefo maka takalmin. Cewa na yi, ungo, riƙe min zuwa bayan girbi.”

Ba faɗa a muryarsa, kamar mai ba da labarin wani. Ya ce da aka gama yanka ya wanke ƙafa ya zo zai karɓa, ya hango ni na ɗaure su biyun na rataya a wuya zan tafi atisaye, ya ga sun yi min kyau, sai ya ce bari sai gobe. Goben ta zama bayan Babbar Sallah, ta zama baɗi. Ya ce rashin ƙwallon bai dame shi ba kamar jiran. Da wani ya dube shi ya ce Sa'idu, taka ta ƙare, da ya yi kukansa rana ɗaya ya huta. Amma ba wanda ya faɗa, sai ya yi shekaru yana hawa dabino yana lissafin cewa aro ya bayar.

Na so in rantse cewa ban ji ba, bakina ya ƙi. Tun daga wannan Juma'ar nake juya wancan yammacin a kaina, wani lokaci in ji “riƙe” kawai, wani lokaci in ji “min” ɗin ƙarara har da muryarsa ta yaro. Na ce masa, Yaya, me ya hana ka tsayar da ni duk shekarun nan ina ba da labarin a gabanka? Ya ce labarin ya fi daɗi yadda nake ba da shi, kuma yara na amfana. Kunya ta kama ni har na rasa inda zan sa idona.

Muna haka Anas ya shigo da mota, ya kawo kunu da sambusa daga wurin uwarsa. Ya sumbaci kan ubansa, ya sumbaci nawa. Aka kira sallah, muka buɗa baki, muka yi jam'i da ma'aikata a kan tabarma. Da suka watse na ce wa Anas ya zauna. A fili Larabci nake yi masa, a can ni mudarrib ne. A nan na yi masa Hausa.

“Anas, bana Mu'az ne zai buga hagu. Ba zan ce ka jira ba, don ba na jin gurbin zai dawo.”

Ya ajiye kofin hannunsa. Sannan ya amsa da Larabci cewa ya sani tun ranar da ya ga gudun yaron, jira kawai yake ya ga yaushe zan faɗa, har ya fara tsoron zan bar shi ya shiga fili ya kunyata a gaban mutane. Idonsa ya kaɗa ya yi ja. Ya tashi ya nufi mota, na ɗauka tafiya zai yi, ban ga laifinsa ba. Sai na ji ya buɗe bayan motar ya rufe. Ya dawo da takalmansa na wasa, masu ruwan lemo, waɗanda ya saya kafin ya ji ciwo bai ko gama sabawa da su ba. Ya miƙo min, ya yi magana da Hausarsa mai nauyi, wadda rabon da in ji ta tun yana ƙarami.

“Baffa, ka ba Mu'az. Nasa sun mutu. Ya riƙe.”

Na tsaya da takalman a hannu na kasa kunne ina jiran in ji ko “min” zai biyo baya. Bai ƙara komai ba, ya durƙusa ya shiga tattara kofuna.

Yaya Sa'idu ya miƙo hannu ya karɓi na hagun. Ya juya shi, ya latsa bakinsa da babban yatsa, ya shafa ƙusoshin. Sai ya ajiye shi a tabarma kusa da ƙafarsa ta hagu ya duba. Ƙafar ta fi takalmin faɗi nesa. Ya ɗauka ya goge danƙon dabinon da ya shafa masa da bakin rigarsa, ya miƙo min.